Tsohon littafin foka da na sayo a gwanjo, da abin da edita ya yi masa

Ni malamin lissafi ne, ban taɓa zuba ko sisi a caca ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi. Abin da ya haɗa ni da wasan foka na Amurkawa shi ne darasin yiwuwar aukuwar abu, wanda ɗalibai ke tsoro kamar maciji. Karta guda 52 ta fi allo saurin koyar da shi. Idan aka zaro biyar daga ciki, akwai hanyoyi 2,598,960 da za su iya fitowa, kuma huɗu kacal ne ke ba da hannu mafi girma a wasan, wato sau ɗaya cikin 649,740. Da zarar yaro ya lissafo wannan da hannunsa, shi da kansa yake gane dalilin da ɗan caca ke komawa gida da aljihu a zazzage.

Shekarun baya na ga wani ƙaramin littafi a kan lissafin foka a hannun wani malaminmu na jami'a. Da na tashi nemansa sai aka ce an daina buga shi. Na fara samun wani sabon bugu mai araha a intanet, na yi murna na saya, ashe hoton shafukan tsohon aka ɗauka, kwamfuta ta mayar da shi rubutu, aka tura maɗaba'a ba tare da wani ɗan Adam ya duba ba. Alamar zuciya da ke jikin karta ta koma alamar tambaya a wurare da yawa. Jadawalai sun zame, lambar layi na uku ta hau na huɗu.

Wanda ya fi yi mini ciwo a aji ya faru. A salon wasan da ake kira Texas Hold'em, idan mutum yana riƙe da karta biyu, an buɗe uku a tebur, saura 47 da bai gani ba. In yana jiran ɗaya daga cikin tara masu alama iri ɗaya, damarsa a karta ta gaba 9 cikin 47 ce, kashi 19 da ɗoriya cikin ɗari. A wancan bugun 47 ta zama 41. Na kwafa a allo ban lura ba. Wata ɗaliba da ke zama a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, 52 a cire 5 ai ba 41 ba ne." Gaskiyarta. Na goge, na gode mata, amma na koma gida raina a ɓace, don na san wani yana can ya haddace kuskuren babu mai gyara masa.

Daga nan na koma neman bugun asali a AbeBooks, dandalin da masu sayar da littattafan gwanjo na ƙasashe daban-daban ke baje hajarsu. Lambar ISBN, wato lambar shaida da ake ba kowane bugun littafi, ita ce ta cece ni. Littattafan da aka buga kafin 2007 lambarsu guda 10 ce, na bayan nan 13, don haka da na sa tsohuwar lambar sai duk sababbin kwafe-kwafen nan suka kauce. Wani ɗan shago a Amurka yana da kwafi ɗaya. Na roƙe shi hoton shafin jadawalin, ya turo washegari, na ga 47 a mazauninta, na biya.

Kuɗin aikowa ya fi kuɗin littafin, kuma sai da na yi mako biyar ina jira. Wannan ne aibin da zan faɗa, kuma ba ƙarami ba ne ga mai albashin malanta. Takardar ta yi ruwan ƙasa, bangon ya lanƙwashe a kusurwa, wani mai shi na farko ya yi rubutu da fensir a gefen shafuka biyu. Mai shagon ya faɗi duk wannan tun kafin na saya.

Ciki kuwa, sai da na karanta shi sau biyu kafin na fahimci abin da ke sa shi daɗin bi. Ba a amfani da kalma sai an fara bayyana ta, kuma ma'anar da aka ba ta a babi na ɗaya ita take ɗauke da ita har ƙarshe. Kowane jadawali yana shafi ɗaya da bayaninsa, ba sai ka riƙe yatsa a wani wuri kana juyawa ba. Misalin da ya nuna cewa akwai hanyoyi 1,326 na samun karta biyun farko ya zo kafin wanda ya rage su zuwa iri 169, shi kuma kafin lissafin samun manyan karta biyu na as, sau ɗaya cikin 221. Tsani ne, kowane mataki a kan na ƙasa da shi. Na bi lissafin babi uku da kalkuleta ina neman kuskure, ban samu ba. Marubuci shi kaɗai ba ya iya wannan, domin idonsa ya saba da rubutunsa, yana ganin abin da ya yi niyyar rubutawa ne. Akwai wani da ya zauna da jan biro ya tambaye shi, me kake nufi a nan, kuma sunansa ko a bango babu.

Bayan da Chris Moneymaker ya ci gasar duniya ta foka a Las Vegas a 2003, kasuwa ta cika da littattafan wasan, kuma biyun da na duba daga cikinsu sun fi wannan kauri, sun fi shi maimaita magana. Mu ma masu karatun Hausa mun san ciwon littafin da edita bai duba ba. Lanƙwasa ɗaya ta faɗi daga kan harafi, baƙi ya koma baki, ƙasa ta koma kasa, jimla ta juye.

Ga malamin lissafi da ke son misalai masu tsafta, ya nemi tsohon bugun, ya sa lambar mai guda 10, kuma ya nemi hoton shafi ɗaya mai jadawali kafin ya biya. Nawa yanzu na sa masa bangon leda, yana cikin jakar da nake zuwa makaranta da ita, kuma ɗalibar nan ce ta fara aronsa.