Ƙullutun ƙashi: a bar shi ko a yi tiyata?

Iyaye da dama a nan Katsina na tambayata kan ƙullutun nan mai tauri da ke fitowa yara kusa da gwiwa ko kafaɗa, galibi tsakanin shekara 10 zuwa 20. Ba ya motsi in an taɓa, sau da yawa ma ba ya ciwo.

Barinsa ya fi sauƙi a aljihu: hoton ƙashi ne lokaci-lokaci, likita na dubawa. Yawanci in yaro ya gama tsawo, shi ma ƙullutun ya tsaya. Sai dai uwa kan daɗe hankalinta bai kwanta ba, kuma ina tausaya mata.

Tiyata kuwa akwai kuɗi, allurar barci da jinya, wani lokaci har zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Amma in an cire shi daga tushe, da wuya ya dawo.

Don Allah kar a kai wa maɗori ya murza, ba targaɗe ba ne.

Wanda nasa ke zaune lafiya, hoto kuma ya nuna ba mugu ba ne, barin ya fi dacewa da shi. Mai ciwo, mai jin ƙafa na mutuwa, wanda gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, ko babban da nasa ke ƙara girma, shi ne na tiyata.