Tayar titi da tayar filin tsere: wacce za ka ɗaura a Sakkwato?

Ɗan'uwa, ka tambaya wace taya za ka ɗaura wa motarka. Tunda saiti ɗaya kake so ya kai ka aiki kullum, ya kuma shiga fili ranar wasa, ka sayi tayar titi mai ƙarfi irin Michelin Pilot Sport 4S, ka bar tayar fili tukuna. Su Toyo Proxes R888R da Pilot Sport Cup 2 da ka lissafo tayoyin fili ne, ba don hanyoyinmu aka yi su ba.

Ita 4S ɗin ce a motata yanzu. Wata daminar cikin Agusta ina dawowa daga Birnin Kebbi, na wuce Tambuwal kaɗan, ruwa ya tsuge har da ƙyar nake ganin gabana. Sai ga jaki ya fito tsakiyar kwalta ya tsaya, ko a jikinsa. Na danne birki iya ƙarfina, motar ta tsaya cak a layinta, bayanta bai ko karkace ba. Abokin tafiyata salati kawai yake yi. A fili kuwa, zagayen farko-farko tana riƙe kwana sosai, sai ta ɗau zafi za ka ji ta fara santsi kaɗan. Nan sai ka sassauta, ka bar ta ta huce. Ga wanda yake koyo, wannan ya ishe shi, don hannunka zai gaza kafin tayar ta gaza.

Tayar fili kuma na taɓa ɗaura wani saiti. A busasshen fili ta fi riƙo, wannan ba musu. Sauran rayuwar kuwa gurnani ne a kunne da tsintar tsakuwa tana watsa wa cikin mota.

Dalilin yana rubuce a gefen tayar. Nemi inda aka sa TREADWEAR, wato ma'aunin jimirin robar kafin ta cinye: ta 4S 300 ce, ta R888R 100. Ƙaramar lamba na nufin roba mai taushi, mai kama ƙasa, mai saurin cinyewa. To ka tuna kwaltar Sakkwato a Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa. Kullum tayar filin ta yi zafi ta huce, robar tana ƙara tauri, sai ka wayi gari zanen yana nan amma riƙon da ka biya kuɗinsa ya tafi, alhali zirga-zirgar Mabera zuwa Arkilla kawai ka yi da ita. Zanenta ma ba zurfi tun tana sabuwa, ba ta da hanyoyin korar ruwa da yawa. Ta haɗu da ruwan da ya kwanta a titi, sitiyari zai yi maka sakayau a hannu.

Abin da ba ka tambaya ba, amma ya fi zaɓin kamfani muhimmanci a nan: tsayin gefen taya. A girman taya 225/40 R18 (faɗi milimita 225, rim inci 18), wannan 40 ɗin na nufin gefen kashi 40 cikin ɗari ne na faɗin, wato milimita 90. Ka koma 235/35 R19, ya sauko wajen 82. Rami ɗaya a hanyar Gusau ya isa ya fitar mata da ƙulu ko ya lanƙwasa rim. In birkin motarka zai shiga cikin rim inci 18, zauna a 18, ka nemi Pilot Sport 5 ko Goodyear Eagle F1 Asymmetric 6 idan ba a sami 4S a girman ba. Harafin ƙarshe bayan lambobin girman, mai nuna iyakar gudun tayar, ya zama W ko Y, wato kilomita 270 ko 300 a awa, kuma TEMPERATURE, ma'aunin jure zafi, ya zama A.

Sai masu sayarwa. Wani zai rantse maka sabuwa ce dal, alhali Beljiyam ce aka wanke aka shafa mata baƙin mai. Akwai masu sake yanka zane da wuƙa mai zafi a tayar da ta suɗe. Akwai kuma wadda aka shigo da ita an cusa ɗaya cikin ɗaya don rage kuɗin kwantena, bakinta ya riga ya lalace tun kafin ta ga rim. Ka duƙa da kanka ka nemi lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT a gefen tayar, masu nuna lokacin da aka ƙera ta: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. In ka ga wurin an goge ko an kankare, yi sallama ka fita. Ka duba duka huɗun, don sun iya nuna maka mai kyau ɗaya su ɗaura maka tsofaffi uku. Wadda aka jera a bakin titi rana na dukanta wata da watanni, ko kwananta bai yi nisa ba, ni ba na saye.

Iska kuwa ka auna da safe kafin ka motsa, da gejinka na kanka, ba na mai faci ba, ka bi abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba. A fili iskar za ta hau in taya ta yi zafi, sai ka rage kaɗan, amma ka mayar kafin ka kama hanyar gida. Randa wasan ya zame maka jiki, sai ka sayi rim huɗu daban ka ɗaura tayar fili a kansu, ka ajiye su a ɗaki cikin inuwa.