Vim mai sauƙi, Vim da linzami, ko nano: wanne za ka ɗauka?

Ran nan da daddare ƙanena ya bugo mini waya daga Tudun Wada, murya a sama: "Yaya, na shiga Vim na rasa ƙofar fita. Ina buga rubutu, layuka na ɓacewa." Na yi dariya, don ni ma haka na fara.

Matsalar ita ce Vim (manhajar rubutu da gyara fayil a kwamfuta), wanda Bram Moolenaar ya fitar a 1991 bisa tsarin tsohuwar manhajar vi ta Bill Joy, yana da yanayi daban-daban. Da ka buɗe shi, maɓallan ba rubutu suke yi ba, umarni suke bayarwa. Ka danna d sau biyu, layi ya tafi. Sai ka danna i kafin ka fara rubutu. Dukkan zaɓuɓɓukan da zan ambata kyauta ne, abin da za ka kashe lokacinka ne, shi ya sa ya kamata ka duba kafin ka zaɓa.

Na farko shi ne yanayin sauƙi. Ka rubuta evim, ko vim -y, a wurin buga umarni, sai ya buɗe a shirye don rubutu kamar Notepad. Ka danna inda kake so da linzami, ka ja ka zaɓi kalma, Ctrl-C ka kwafa, Ctrl-V ka liƙa, Ctrl-S ka adana, Ctrl-Z ka janye kuskure. In kana son umarni guda na asalin Vim, sai Ctrl-O, ka ba da shi, ya dawo da kai kan rubutu. A nan ne fa ƙanena ya sake maƙalewa: Esc da kowa ke cewa a danna ba ya aikinsa na kullum, wato mayar da kai yanayin umarni. Ctrl-O sannan :wq (umarnin adanawa da fita) ne ya fitar da shi. Kuma an gina evim ne domin Vim mai taga, wato gVim. In kana shiga sabar (kwamfutar da ke nesa) ta hanyar da ake kira SSH, inda babu taga sai baƙin allo, daɗinsa raguwa yake yi. Masu Neovim, wani reshe na Vim, kuwa kada su wahalar da kansu, an cire wannan yanayi daga cikinsa.

Gaskiya ni ba na ba ɗalibi shawarar ya daɗe a evim. Wata uku kana ciki, hannunka bai koyi komai na Vim ba; kamar mai koyon tuƙi ne da kullum direba ke riƙe masa sitiyari.

Wanda na fi so shi ne na biyu: Vim yadda yake, ka ƙara layi ɗaya, set mouse=a, a fayil ɗin saitunansa mai suna .vimrc. Linzami zai yi aiki, ka danna, ka gangara, ka zaɓi rubutu, amma yanayoyin suna nan. Ka haɗa da vimtutor, darasin da ke zuwa tare da shi, kusan minti 30 ne. Zama biyu bayan sallar isha'i ya isa ka daina tsoronsa.

Nano kuma, wata manhajar rubutu daban, na mai sauri ne. Gajerun umarninsa a jere suke a ƙasan allo, Ctrl-O adanawa, Ctrl-X fita. In gyaran layi biyu ne kawai ya kai ka sabar, ɗauke shi ka wuce.

Wani abu da mu nan Kaduna bai kamata mu raina ba shi ne wuta. Wasu kwamfutocin hannu da ake saya a shagunan Ahmadu Bello Way an yi amfani da su, batirin wasu ba ya kai rabin awa. Vim, har da evim, yana ajiye fayil ɗin .swp, mai riƙe canje-canjen da kake yi, yayin da kake aiki. Aka ɗauke wuta kwamfuta ta mutu, ka dawo ka rubuta vim -r da sunan fayil ɗin, mafi yawan aikinka zai dawo.

Ƙanena dai ya yi mako guda da evim don ya gama aikin makaranta da ke gabansa. Jiya na leƙa allonsa, na ga ya sa set mouse=a, yana kan darasi na uku na vimtutor, yana ta danna j da k, maɓallan sauka da hawa, yana tsaki.