Inji mai kafireto ko mai nozul: wanne za a ɗora wa motar da aka haɗa a gida?

Kujerar inji da daidaita shi da giyabos aiki ɗaya ne ga dukkansu. Bambancin yana wajen man fetur da wayoyi.

Mai kafireto ba ya da wuyar sha'ani. Ƙaramin famfon mai da ke ba da matsin bar 0.2 zuwa 0.4 (bar ma'aunin matsi ne) ya ishe shi, sai wayar sitata, ta kwayil da ta caji. Amma in matsin ya wuce haka, mai zai rinjayi allurar kafireto ya yi ambaliya, filogi su jiƙe, hayaƙi ya yi baƙi ƙirin. Ga shan mai, ga gardamar tashi da sanyin safiya.

Mai nozul kuwa, wato wanda ke fesa mai da matsi, kada a saye shi tsirara. A karɓo shi da burenbos ɗinsa (kwamfutar da ke sarrafa injin), damin wayoyinsa ba a yanke ba, da na'urorin auna iska da zafi. In yana da makullin hana sata, a haɗo da mabuɗinsa na asali, in ba haka ba sitata zai yi ta juyi inji bai kama ba. Yana son matsin kusan bar 3, don haka tiyon kafireto ba zai ɗauka ba, yana iya fashewa. Da yawansu kuma sai an ja musu bututun mayar da rarar mai tanki. Tankin ma a saka masa shinge a ciki, domin in an sha kwana man kan gudu gefe, famfo ya zuƙi iska, mota ta riƙa sheƙewa.

Wanda bai iya karanta taswirar wayoyi ba, kafireto ya fi masa sauƙi.