Daɓen tsakar gida, baranda da ƙarin ɗaki: wa za ka ba aikin, kuma a kan wane ciniki?

Mai gida kan haɗa ayyuka uku a baki ɗaya: zuba kankare a tsakar gida, fitar da baranda, da ƙara ɗakin shan iska. Amma kowanne da mai yin sa. Daɓe a ƙasa yake kwance, birkila mai hankali ya ishe shi. Baranda mai ginshiƙai da rufin kwano tana son birkila da kafinta da suka saba aiki tare. Da zarar an ce dekin kuwa, kankare ne zai tsaya a kan mutane, dole injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, ya fitar da lissafin rodi. A Kano a nemi izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, kafin a ƙara gini, sauran jihohi ma kowace da hukumarta.

Cinikin iri uku ne. Aikin yini ya fi sauƙin kuɗi a ido, sai dai yana ja idan babu mai tsayawa a kai daga safe zuwa yamma. A kwangila gaba ɗaya, kaya da aiki duk na ɗan kwangila ne, kai sai dai ka karɓi mabuɗi. Hutu ne, amma duk buhun da ya rage ribarsa ce, kuma abin da aka binne a ƙasa ba ya ganuwa. Jinga tana tsakiya: kai ka sayi siminti, yashi, tsakuwa da rodi, shi ya yanke kuɗin hannunsa. Ga daɓe da ƙaramar baranda mu jinga muka fi so, muddin akwai mai ƙirga buhu.

Lissafin da ke tona asirin farashi ba shi da wuya. Buhun siminti kilo 50 ne, yana cika kwanon sarki biyu. Haɗin 1:2:4 shi ne buhu ɗaya, kwano huɗu na yashi, kwano takwas na tsakuwa. Tsakar gida mai mita 5 da mita 8, a kaurin santimita 10, za ta ci buhu 25 zuwa 26. Wanda ya ce 15 sun ishe shi, ko dai kauri zai rage ko ya cika yashi, kuma kafin damina biyu saman zai fara zubar da gari. Inda mota za ta hau a kai kaurin santimita 15, a sa ragar ƙarfe.

Ka tambayi birkila abin da zai yi kafin ya buɗe buhu na farko, domin a nan ake gane gwani. A kwashe ƙasar sama mai saiwa da shara, a zuba jar ƙasa kashi-kashi, ana yayyafa ruwa ana daddaɓewa. Cikon da aka zuba lokaci ɗaya yana zama daga baya, kankaren ya tsage. A sassan Borno da Gombe inda baƙar laka ke kumbura da damina ta dare da rani, haƙar sai ta fi zurfi. Gangara kuma santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ta baro jikin bango ta nufi kwata. A yanka layi duk bayan mita uku domin tsagewar ta bi layin. Leburori na son kwaɓi mai ruwa-ruwa saboda sauƙin shimfiɗawa, alhali yawan ruwa ne ke kashe ƙarfin kankare. Bayan an zuba sai ban ruwa na kwana bakwai aƙalla, a rufe da buhuna masu laima, musamman a hunturu da iska ke busar da saman da wuri. Mota ta jira kwana 28. A rubuta a takarda wanda ban ruwan ke wuyansa, don yawanci birkila ya riga ya koma wani aikin.

Idan bututun ruwa ko na masai ya ratsa wurin, intalok, wato ƙananan tubalan da ake jerawa a ƙasa, ya fi, tunda ana ɗaga shi a mayar. Yana buƙatar dakali a gefe ya riƙe shi, kuma ciyawa na fitowa ta tsakaninsa. Tayil mai sheƙi bai dace da inda ruwan sama ke taɓawa ba, santsi yake yi.

Ɗakin gilashi da ake gani a gidajen Ingila da Amurka don tara ɗumin rana aka yi shi. A Kano ko Sakkwato, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, tanda zai zama. Abin da ya dace da mu baranda ce mai faɗin mita biyu zuwa sama, da silin a ƙarƙashin kwano, da ragar sauro. Mai fuskantar yamma tana shan ranar la'asar, mai fuskantar gabas kuma ita hadari ke duka, don haka kudu ko arewa sun fi. Sabon gini ya samu harsashinsa, kada a jingina shi da tsohon bango kawai. Inda kwano ya haɗu da bango a tsaga bangon a cusa bakin ƙarfe a rufe, don yoyo daga nan yake farawa.

Kafin ka zaɓi mai aiki, je ka ga aikinsa da ya ci damina biyu, ka yi magana da mai gidan. Biya ya zama mataki-mataki: bayan ciko, bayan zuba kankare, bayan rufi. Ka riƙe kashi 10 cikin 100 har a yi ruwan farko. Idan rani ne, a kwara bokiti biyu a tsakar gidan a gabansa a ga inda ruwan ya nufa.