OpenEpi, ga ƴan firojet masu fama da kwashinaya

Duk ɗalibin da ya raba kwashinaya ya tattaro, yana neman fitar da tazarar tabbaci, wato konfidens intabal (iyakoki biyu da ake sa ran ainihin amsar tana tsakaninsu), don Allah ya gwada OpenEpi, wani shafin intanet na lissafin ƙididdiga. Kyauta ne, a burauza yake buɗewa, ba rajista ba komai.

Ka shiga ɓangaren Proportion ka sa lamba biyu kawai. A ce mutum 400 ka tambaya ko suna kwana cikin gidan sauro, 240 suka ce eh, zai ba ka kashi 60, tazara kuma daga kusan 55 zuwa 65 a matakin kashi 95. Ma'anar 95 ɗin, da za a yi ta maimaita binciken, kusan 95 cikin 100 na tazarorin za su kama ainihin kason a cikin al'umma baki ɗaya.

Abin da ya fi burge ni wallahi shi ne yana jero hanyoyi daban daban ka kwatanta da idonka, ga Wald da aka koya mana a aji, ga ta Wilson ta 1927, kuma idan samfurinka ƙarami ne nan za ka ga bambanci, misali 3 cikin 40, lissafin Wald yana gangarawa ƙasa da sifili wanda ai ba zai yiwu ba, Wilson kuwa ta ba ka kusan kashi 2.6 zuwa 19.9. Ni Wilson nake ɗauka.

Amma fa lissafin yana ɗauka ka zaɓi mutanenka ne ta hanyar ƙuri'a, wato wanda ta faɗa wa shi ke nan. In abokanka na WhatsApp suka cike maka, tazarar ba ta wakiltar garinku.