Rahoto mai kauri ko magana a bakin jama'a: darasin Bagega

Duk lokacin da aka ce wai bincike ne zai sa gwamnati ta motsa, ni Zamfara nake tunowa. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano yara na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ashe gubar dalma ce daga duwatsun zinaren da ake dakawa a cikin gida, a tsakar gidan da yaro ke rarrafe yana kai ƙasa baki. Sama da yara 400 suka rasu.

Hanyoyi biyu aka bi don gwamnati ta motsa: ta farko ita ce rahoton ƙwararru. An auna jini, an auna ƙasa, an rubuta komai da turanci, kuma gaskiya ba don wannan aikin ba da har yanzu ana cewa iska ce ko shawara. Shi ya nuna sai an kankare gurɓatacciyar ƙasar kafin a fara magani, don in ba haka ba yaro zai koma gida ya sake kwasa. Amma fa Bagega, ɗaya daga cikin ƙauyukan da gubar ta shafa, ta yi ta jiran kuɗin gyara, takardu na kan tebur.

Ta biyu kuma ita ce a fito da maganar fili, hotunan yara, hira a rediyo, matasa irin su Hamzat Lawal suna ta ɗaga murya a Twitter har aka saki kuɗin gyara a farkon 2013. Matsalarta kawai surutu yana saurin lafawa, kuma wani sai ya ƙara gishiri.

Ni dai ta biyun ta fi kwanta min, muddin alƙaluman masu binciken ne a hannunka.